Ba Sabulu Ne Ya Kayar da Malam Ba

Har yau in aka tayar da zancen zaɓen nan a unguwarmu, sai ka ga wani ya gyara zama ya ce ai sabulu ne ya kayar da Malam, matan kamfanin alewa ne suka sayar da shi a kan sanda bibbiyu. Ba haka ba ne. Magana ce kawai da ta fi gaskiya daɗin faɗa a teburin mai shayi. Ni na san abin da ya faru, don ni na jawo shi, kuma yau zan faɗe shi tun daga farko kowa ya huta.

Shekarun baya ne, shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Shi ne karon farko da iyayenmu mata na unguwar suka riƙe katin zaɓe a hannunsu. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, na samu aiki a wani kamfanin alewa a Bompai. Aikin ba wani abu ba ne. Ɗan tebur ne a bakin ƙofar sashen naɗi, in rubuta sunan wadda ta zo da wadda ta makara, in karanta wa mata sanarwar da aka liƙa a bango. Amma yadda nake ɗaga kai sai ka rantse ni na kafa kamfanin. Ina da takardar shaida, ina jin Turanci, haƙuri kuwa ko na anini ba ni da shi. Mahaifiyata takan ce ba laifina ba ne, bakwaini ce ni, ko a ciki ban iya jiran wata tara ba.

Ƙananan alewa inji ke naɗe su, amma manyan da hannu ake yi. Dogon tebur ne, mata a jere a kan benci, gaban kowa faranti da tarin takarda. Ka ɗauki takarda, ka ɗora alewa a tsakiya, ka danne ta da babban yatsa don kada ta zame, sauran yatsun su jawo gefen takardar su rufe, a ninka sau uku, a tura kunnuwan ciki. Ni in na gwada sai na yi minti guda ina fama. Su kuwa suna hira, suna tsegumi, ido na kan maƙwabciya, hannu na aikinsa shi kaɗai daga jiniyar safe har ta yamma.

A kan teburin akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ta fi kowa daɗewa, ta fi kowa sauri, kuma in ta ce a tashi ba mai zama. Mijinta yana aiki a majemar fata can Challawa, kullum da asuba yake hawa bas. Inna ba ta iya boko ba, ba ta kuma taɓa nuna hakan ya dame ta ba. Ni take kira 'yar boko, wani lokaci da wasa, wani lokaci don in san matsayina.

Ɗan takararmu na majalisar dokokin jiha shi ne Malam, abokin mahaifina. Ya yi shekaru yana aikin sito a wata masaƙa a Sharada, ya shugabanci ma'aikatan wurin, ya san wahalar jiran mota a damina da ta layin famfo. Abin da ya ce zai je majalisa ya nema ke nan, bas na ma'aikata da ruwa a unguwa. Mazan unguwar sun ɗauke shi kamar ɗan uwansu na jini, mijin Inna ma har hotonsa ya liƙa a ƙofar zaure.

Zaɓen na shekarar Asabar bayan Asabar aka yi shi. Biyun farko na masu tafiya majalisun Legas ne, matanmu ba su ko leƙa ba, suka ce ba su san kowa a ciki ba. Na ukun shi ne na Malam. Mahaifina ya ce tunda ina tare da matan kullum, in koya musu yadda ake dangwala ƙuri'a. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, minti goma ya yi yawa.

Ranar Alhamis da hutun rana na tara su a bayan sito. Na zana gida biyar a kan takardar naɗi, kowace jam'iyya da gidanta, na nuna musu inda alamar jam'iyyarmu take, can sama. Na ce kowa ta ɗora babban yatsa a nan. Suka ɗora, busasshen yatsa a kan busasshiyar takarda. Inna ta ce da an samo tawada an gwada sosai, ko ɗan bula ne a jiƙa a murfin gwangwani. Na ce ɓata lokaci ne, jiniya ta kusa bugawa, kuma ni ko abincina ban ci ba. Sai ta sake tambaya, bayan an dangwala fa, yaya ake yi da takardar?

Ban manta amsar da na ba ta ba, don ta daɗe tana hana ni sukuni.

"Haba Inna. Ku da kuke naɗe alewa tun kafin a haife ni, ni zan koya muku naɗe takarda? Ku naɗe kamar yadda kuka saba, ku jefa a akwati."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ji daɗin kaina.

Maganar sabulu kuwa, gaskiya ne an raba. Ranar Juma'a da aka tashi, mutanen wata jam'iyya suka tsayar da mota a bakin titi suna miƙa wa kowace mace sanda biyu. Matanmu suka karɓa, wasu har suka koma layi. Na yi ta masifa a hanya, Inna ta ce in rufe mata baki, wanda ya ba ka sabulu bai bi ka cikin rumfar zaɓe ba.

Ranar Asabar suka fito kamar za su biki. Wasu da goyo, wasu da sabon lalle, layin mata a makarantar firamaren unguwar har ya fi na maza tsawo. Ni ina gefe da takardar wakilci a ƙirji, ina ƙirga kawuna ina murmushi. Har na fara tsara yadda zan amsa in Malam ya yaba mini a gaban mutane.

Da aka rufe rumfa, aka kwashi akwatuna zuwa wurin ƙidaya. Sai washegari da hantsi aka zo kan akwatin rumfarmu. Mu biyu ne wakilan Malam, ni da wani magidanci mai gyaran inji a kamfaninmu, mutum ne mai son a ji muryarsa. Jami'in ƙidaya ya zazzage akwatin a kan tebur. A cikin tarin takardun akwai wasu ƙanana, a ninke sau uku, kunnuwa a ture ciki, tsaf da su. Wannan naɗin ko a mafarki na gan shi zan gane shi.

Ya buɗe ta farko. Ga yatsa a sama, kan alamarmu. Ga wani yatsan kuma a tsakiyar takardar, daidai inda alewa take zama, daidai inda babban yatsa ya saba dannewa. Tawadar ba ta bushe ba suka naɗe. A tsakiyar takardar kuwa, cikin ikon Allah, alamar masu sabulu ce. Jami'in ya ɗaga ta kowa ya gani, ya ce ta lalace, ya ajiye gefe. Ta biyu haka. Ta uku haka. Tarin gefen ya yi ta hawa.

Mai gyaran injin ya buga tebur ya ce, "Kun gani ko? Sun dangwala mana, sun dangwala wa masu sabulu. An rantsar da su ne, suka raba ƙafa."

Ya juyo ya kalle ni don in tabbatar. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali. Shirun nan nawa shi ya ɗauka a matsayin shaida.

Ranar Litinin da hutun rana muka taru a bakin get, kan rediyon maigadi. Mai karanta sakamako yana bi mazaɓa mazaɓa, wannan jam'iyya ta ci nan, waccan ta ci can. Da ya zo kan tamu sai muka ji wani suna daban. Maigadi ya rage muryar rediyon kamar an yi rasuwa. Kafin jiniyar komawa aiki ta buga, mai gyaran inji ya gama ba kowa labarin yatsa bibbiyu, kafin magariba labarin ya isa Sharada da Challawa, ya dawo unguwa da ƙari. Aka sa musu suna matan sabulu. In sun zo wucewa sai ka ji wani ya ce, yau ƙamshi ake yi a Bompai.

Da abin ya tsaya a tsokana, da wataƙila har yau ina shiru. Amma Asabar mai zuwa zaɓen gwamna ne, mazan unguwar kuma suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke cewa ba macen da za ta sake fita. Wai an gwada an gani, ba a ba mace ƙuri'a. Mijin Inna ya karɓe katinta ya sa a aljihu, ya ce ta ba shi kunya a gaban abokan aikinsa, har a cikin bas ana nuna shi.

Kwana uku sashen naɗi ba hira. Hannuwa na aiki, bakuna a rufe. Ni kuma na zama mai ladabi dare ɗaya, wadda ta makara ma sai in rubuta ta zo da wuri. Ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, ban ce komai ba ne kawai.

Ranar Laraba Inna ta tsaya a gaban teburina bayan kowa ya fita. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar boko, ke kin je wurin ƙidayar. Ni dai na san sau ɗaya na dangwala, Allah shi ne shaidata. Na tambayi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ta rantse. To yatsa na biyun na wane ne?"

Na ce, "Naku ne, Inna."

Ta tsura mini ido. Na ɗauki takardar naɗi na nuna mata tsakiyar. Ban ma gama bayani ba ta gane. Ta kalli babban yatsanta kamar yau ta fara ganinsa, ta juya shi, ta ce yau ga ɓarawon cikin gida. Sai ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun Lahadi. Ta gyara mayafi, ta ce, "Kin iya saurin magana, ashe kin iya saurin shiru ma." Ta fita. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Da na koma gida na samu mahaifina yana alwala, na tsaya a kansa na zazzage masa komai a tsaye, ko sallama ban gama ba. Ya bari har na kai aya, ya ce in jira ya idar da salla. Jiran nan ya yi mini tsawo kamar shekara. Da ya sallame ya ce abin da aka ɓata a gaban mutane, a gaban mutane ake gyara shi, gobe bayan la'asar in zo zauren Malam, in zo da Inna.

Na je da takarda mai gida biyar, da 'yar katifar tawada ta buga hatimi da na aro a ofis, wadda da na aro ta tun makon jiya da duk wannan bai faru ba. A zauren akwai Malam, da mahaifina, da mijin Inna ya sauko daga bas ko gida bai shiga ba, da mai gyaran inji, da wasu dattawa uku. Inna ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su. Ni na shirya dogon jawabi a hanya, amma da na ga idanuwa sai na ce kawai, ku duba ku gani.

Na miƙa wa Inna tawada ta taɓa. Ta dangwala a gidan sama, sau ɗaya, kowa na kallo. Na ce, "Inna, ku naɗe kamar yadda kuka saba." Kafin a ƙifta ido takardar ta zama 'yar ƙarama, kunnuwa a ciki. Na miƙa wa Malam. Ya warware ta a hankali, ya ɗaga ta wajen haske. Yatsa a sama, yatsa a tsakiya.

Na ce ni na koya musu, ni na ƙi kawo tawada da Inna ta nema, ni na ce su naɗe haka, kuma na gane tun ranar Lahadi na yi shiru don kada a ce 'yar sakandare ta yi wauta.

Sai kafaɗun Malam suka fara motsi, ya yi ta dariya har ya cire hula yana share ido da ita. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an naɗe mutum an jefa a akwati da irin wannan tsafta ba.

Mai gyaran inji bai so ya sauka ba. Ya ce to, ko ma dai yaya ne, sabulun ai sun karɓa.

Inna ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. "Mun karɓa, Malam. Da shi na wanke rigar da ke jikin maigidan nan."

Mijinta ya kalli rigarsa. Dattawan suka kalli rigar. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai kuwa ta fita fes.

Ni da na ga iska ta juyo, sai halina ya dawo. Na fara tambayar ina mazan da suka fi kowa ihu suke ranar Asabar ɗin, ba rabinsu sun tafi ƙauye noma ba, wasu ma can suka yi rajista? Mahaifina ya yi gyaran murya, na haɗiye sauran. Amma Malam ya ce a bar ta, gaskiya ta faɗa. Ya ce ya ga lissafin mazaɓar gaba ɗaya, ko da an haɗa masa duk ƙuri'un matan da suka lalace ba zai kamo ba, tazarar ta wuce nan. Allah bai nufa ba ne, kuma shi bai yarda a ɗora wa matan da suka tsaya a rana dominsa laifin faɗuwarsa ba. Ya juya wajen mijin Inna ya ce, in har don shi aka karɓe katin, yana roƙon a mayar.

Mutumin ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube, kamar aljihun rijiya ne. Ya fito da katin. Bai miƙa mata kai tsaye ba, ya ajiye a kan tabarma ya tura shi da yatsa. Inna ta ɗauka ta ƙulle a bakin mayafi, ta yi musu sai da safe.

Washegari Juma'a, a ƙofar masallaci, dattawan suka janye dokar hana mata fita zaɓe. Mu kuma da hutun rana muka koma bayan sito da tawada ta gaske. Wannan karon ban yi jawabi ba. Inna ce ta tsara abin. Ta ce wa hannu ba a yi masa wa'azi, sai dai a ba shi wani aikin. In kin dangwala, ki goge yatsan a gefen zani, ki dunƙule shi cikin tafin hannu, ki ninka takardar sau ɗaya da hannun hagu. Kowa sai da ta yi sau biyar. Wadda yatsanta ya zame ya koma tsakiya, sai a yi mata shewa ta sake. Jiniya ta buga ba mu gama ba, na rubuta kowa ta koma aiki a kan lokaci, har da ni. Ranar Asabar suka fita, ba dukansu ba, don wasu mazan ba su sauko ba, amma layin ya yi tsawo. Duk wadda ta fito daga rumfa za ka ga shuɗin tabo a gefen zaninta.

Yanzu abin ya zama abin dariya a sashenmu. In sabuwar yarinya ta lalata naɗi sai a ce ta yi ƙuri'ar Malam. Shi Malam ya koma sitonsa a Sharada, yana nan lafiya, in ya gan ni sai ya tambaya ko na zo da tawada. Ni da Inna mun shirya tun tuni, ko da yake sai da ta yi wata guda ba ta kira ni 'yar boko ba, sunana na yanka take kira, wanda ya fi zagi ciwo.

Zancen sabulu kuwa bai mutu ba, kuma na daina jin haushi. Ƙaryar a bakin get aka faɗe ta, gaban ɗaruruwan mutane. Gaskiyar a zaure aka faɗe ta, gaban mutum bakwai. Wanda ya ji ta farko bai zo ya ji ta biyu ba. Abin da ya zauna mini a rai daban ne. Ni na ɗauka koyarwa ita ce ka faɗi abin da ka sani da sauri ka wuce. Inna ta yi mini tambaya biyu a bayan sito, duk biyun su ne ainihin maganar, na take su don ina jin yunwa kuma ina da takardar shaida. Ba zan ce na zama mai haƙuri ba, mahaifiyata na nan da rai za ta ƙaryata ni. Amma in tsohuwa ta ce "bayan nan fa?", yanzu nakan tsaya.

Ga shi wani zaɓen ya matso, an fara liƙa hotuna a bangon kamfanoni. An ce a Sharada akwai mata masu ƙulla zare a masaƙa, a Challawa akwai masu jera kwalabe, kowa da abin da hannunta ya saba yi ba da saninta ba. Na je kasuwa na sayi katifar tawada tawa ta kaina, na nemi hutun kwana uku. Na kuma je na roƙi mijin Inna, ya ce in dai za mu dawo kafin magariba ya yarda. Za mu bi su kamfani kamfani. Ni zan riƙe tawada in rufe bakina, Inna ta fara kallon hannuwansu tukuna.